Dafa-dukan Mannir a Ƙofar Gidan Surukai

Duk wanda ya ga Mannir tela ya fito daga Tambuwal ranar Juma'ar nan a kan babur, da tukunya ɗaure a baya, da buhu, da kaza tana leƙe daga cikin kwando, zai ɗauka saƙon wani aka ba shi ya kai. Ba saƙon kowa ba ne. Kebbe ya nufa, gidan surukansa, kuma abu ɗaya ne ya fito da shi: ya dawo da 'yarsa Ruwaida gida.

Matarsa Hamdiya ta rasu tun farkon bazara. Da aka yi sadakar arba'in, uwarta Inna Atu ta kama hannun yarinyar ta ce za ta tafi da ita Kebbe ta ɗan sha iska kafin zukata su lafa. Wa zai buɗe baki ya yi musu da suruka, alhali kabarin 'yarta ko bushewa bai yi ba? To, ɗan shan iskar nan ya cinye bazara, ya cinye damina, ga shi har an fara yankan gero. Duk sa'ad da ya yi waya ya tambayi ranar dawowa, amsa ɗaya yake samu daga bakin Ɗangiwa, wan marigayiya, wanda shi ne maigida tun bayan rasuwar tsohonsu: "Ka yi aure tukuna. Gidan da babu mace, wa za shi dafa mata abin da za ta ci?"

Aure! Kai ka ce riga ce da za a yanka da safe a ɗinke da yamma. Mannir bai ƙi aure ba, amma ya rantse ba zai ɗauko 'yar mutane ya ajiye a ɗakin Hamdiya don kawai ta tuƙa tuwo ba. Hakan cin amanar mai rai ne, cin amanar mamaciya ne kuma.

Abin da ya tsinka igiyar haƙurinsa shi ne zuwan da ya yi na ƙarshe. Ya ɗaga Ruwaida sama kamar yadda ya saba, sai ya ji ta fayau, haƙarƙarinta a tafin hannunsa. Yarinyar da ta bar Tambuwal kumatu cike, 'yar shekara bakwai mai surutun tsiya, ta koma sai ido. An ce in an zuba mata tuwo sai ta tsakura ta ture kwanon. An yi mata rubutu ta sha, an kai ta asibiti an ce lafiyarta ƙalau. Da zai tafi ta raka shi zaure, ta jawo shi ƙasa ta raɗa masa a kunne: "Baba, shinkafar Mama nika so."

Shinkafar Mama kuwa tana da tarihi. Hamdiya, Allah ya jiƙanta, mace ce mai son gwaje-gwaje. Wata rana ta ga wata mata 'yar ƙasar Tailan a waya tana dafa shinkafa da kaza a tukunya ɗaya, da madarar kwakwa da ɗanyar citta da lemun tsami. Ta ce, "Mutanen ga da munka ci shinkafarsu buhu-buhu shekara da shekaru, ai sun fi mu sanin yadda ake dafa ta." Ta gwada ta ƙona, ta sake gwadawa ta caɓe, ta riƙa musanya abin da babu a kasuwar Tambuwal da abin da akwai, har abin ya zauna a hannunta. Da ciwo ya ci ƙarfinta, ba ta iya tsayuwa gaban wuta, sai ta sa a rufe ƙofar gida, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta jingina da bango, tana faɗa Mannir yana yi. Ta haka ya iya. Duk unguwar babu wanda ya sani, don a lokacin shi ma kunya yake ji. Da ya ji sallama sai ya yar da ludayi ya ɗauki almakashi.

Hanyar Kebbe kuwa damina ta gama cinye ta. Rami ya karɓe shi ya miƙa wa rami, tukunya na ƙara a baya, kaza na tsinuwa da yarenta. Bai isa ba sai bayan an sauko daga masallaci.

Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya shiga da sallama, ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakin Inna Atu, kai a sunkuye. Ita tana ciki bayan labule. Haka suke gaisawa tun da ya auri autarta, kuma ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba.

"Baban Ruwaida, an zo lafiya? Ina gajiya? Ƙawar tawa ta tafi Islamiyya, su har Juma'a suna yi, sai la'asar sakaliya."

"Lafiya lau, Inna. Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Haƙuri sai godiya."

Ɗangiwa ya fito daga ɗakinsa yana gyara hula, ƙato ne mai faɗin kafaɗa da murya kamar ta mai shela. Da ya hango kwando sai ya saki fuska. "A'a, har da ɗawainiya? Nasiha, zo ki amshi kaza."

Nasiha, matar Ɗangiwa, ta taso daga madafa tana goge hannu da gefen zani. Mannir ya dafa kwandon.

"Yaya, kazar ga ni za ni dafa ta."

Kowa ya juyo ya dube shi. Har akuyar da ke ɗaure a turke ta daina tuƙa.

"Kun ce abin da ya hana a ba ni ɗiyata shi ne babu mai dafa mata abinci," in ji Mannir, har yanzu idonsa na ƙasa. "To ga mai dafawa ya zo. A ara mani murhu."

Nasiha ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ɗangiwa kuwa bai ga abin dariya ba.

"A'uzubillahi! Mannir, lafiyarka ƙalau? Murhun gidan ga na mata ne. Tun da ubana ya gina gidan ga namiji bai taɓa tsugunawa gabansa ba, kuma ba daga kan suruki za a fara ba. In ma rigima ka zo da ita, ko gaban alƙali anka je, ɗiya in uwarta ta rasu hannun kaka taka komawa. Ka sani sarai."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa ban je wurin alƙali ba, na zo da tukunya."

Daga bayan labule muryar Inna Atu ta fito a sanyaye, amma babu alamar za a tanƙwara ta. "A faɗa mashi ya ba Nasiha kazar, ya je zaure ya huta. Rana ce ta buge shi."

To, a nan fa suka tafka kuskure. Da sun bar shi ya tsuguna a madafa, bayan katanga, da zancen ya mutu tsakanin mutum huɗu da akuya. Amma sun auna shi da tsohon mudu. Sun san shi surukin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gidan, suka ɗauka kunya za ta ɗaure masa hannu ta mai da shi Tambuwal. Ba su san wanda ya ƙirga haƙarƙarin 'yarsa da yatsunsa ya riga ya sallami kunya ba.

Mannir ya miƙe, ya ɗauki kwandonsa. "Madalla. Murhun ciki na mata ne, na ji. Ƙofar gida fa, ai ta maza ce ko?"

Kafin Ɗangiwa ya gane inda maganar ta dosa, ya fice.

Ƙofar gidan nan kuwa ba ƙofar lungu ba ce. Ga dogon yaro inda majalisar unguwa ke zama bayan la'asar, ga hanyar masallaci, ga hanyar kasuwa. Mannir ya yi sallar la'asar tare da jama'a kamar kowane baƙon kirki. Da aka shafa, ya dawo ya tsinto duwatsu uku ya kafa su dab da dakali, ya kwance buhu ya fito da kayansa ɗaya bayan ɗaya: 'yan itatuwa, ɗan turmin daka yaji, wuƙa, faranti, kwakwa, shinkafar gida da ya riga ya tsince. Ya cika jarka a famfon masallaci. Ya juya gabas ya yanka kaza, ya hura wuta, ya ɗora ruwan figa.

Har zuwa nan babu wanda ya damu, don yankan kaza aikin maza ne. Sai da ya naɗe hannun riga ya fige ta, ya yayyanka, ya fasa kwakwa ya hau gogawa a magogi, sannan hirar majalisa ta fara yankewa. Ya zuba ruwan ɗumi a kan gogaggiyar kwakwar, ya murza, ya juye a wani farin ƙyalle da ya yanko daga shagonsa, ya matse. Madara fara sol ta tsiyaye cikin kwano. Ya jawo ɗan turmi ya zuba citta da tafarnuwa da tonka, wato barkono, da ɗan kurkur, ya hau daka.

Wannan dakan shi ya tara masa jama'a. Ƙarar turmi daga ƙofar gida, ba daga ciki ba, abu ne da kunnen Kebbe bai saba ji ba. Masu babur suka riƙa rage gudu. Kawunan mata suka fara ɓullowa ta saman katangu. Kada ka ce Mannir bai ji komai ba. Wallahi ya ji. Gumi ya jiƙa masa baya, kunnuwansa suka ɗau zafi, har ya kusa yanke yatsa wurin yankan albasa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shi ya riga ya tuɓe.

Akwai wani Bilyaminu mai faci a majalisar, irin mutanen nan da in ba su yi magana ba ciwon kai ke kama su. Shi ya fara ɗaga murya.

"Malam tela, saura zani da ɗankwali! Ko ka baro su a shago?"

Aka fashe da dariya.

"Ashe 'yan daudun Tambuwal ɗinki sunka koma!"

Mannir bai ɗago ba sai da ya zuba man gyaɗa a tukunya, ya jera naman kazar a ciki, ya ji ya fara ƙara. Sannan ya dubi mai maganar.

"Bilyaminu, da safe wa ya soya maka ƙwai? Mai shayi, namiji. Da yamma wa ka gasa maka nama? Mai tsire, namiji. Ban taɓa ji ka kai masu zani ba. Sai ni da nika dafa ma marainiyar ɗiyata, ni ne abin dariya? To yi dariyarka, amma matsa can, kana tare mani iska."

Dariyar ta sake tashi, sai dai wannan karon ba a kan Mannir ta sauka ba. Bilyaminu ya yi ƙwafa ya ja baya.

Nama ya yi ja ta ko'ina. Mannir ya tura shi gefe guda a cikin tukunyar, ya zuba albasa, ya juye dakakken yajin a kai. Ƙamshin da ya tashi ba irin wanda unguwar ta sani ba ne, har wani tsoho da ke gyangyaɗi ya buɗe ido ya yi atishawa. Ya zuba wankakkiyar shinkafa ya juya ta cikin man har ta ɗau launi, ya kwarara madarar kwakwa da ɗan ruwa. Ya sa gishiri, ya sa garin busasshen kifi, wanda Hamdiya ta ce shi ke tsaya wa ruwan kifin da mutanen can ke sawa. Ya ƙulle ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi ya jefa. Daga ƙarshe ya ɗebo sukari a bakin cokali ya barbaɗa.

"Innalillahi!" Muryar Nasiha ce daga saman katanga. "Sukari a kaza! Inna, wallahi sukari ya sa!"

Mannir ya rufe tukunya, ya janye itatuwa ya bar garwashi kaɗai a ƙarƙashi.

Sai ga Ɗangiwa ya fito, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ya ratsa mutane ya tsuguna kusa da shi, ya sassauta murya gwargwadon yadda irin muryarsa ke iya sassautuwa.

"Don girman Allah kwashe kayan ga ka shigo ciki. An ba ka murhun. Ka ji? An ba ka."

"A'a, Yaya, ai an makara. Tukunyar ga in anka rufe ta ba a ɗaga ta sai ta nuna."

"Mannir, mutuncin gidanmu kaka zubarwa a titi."

"Na roƙa a ciki, a durƙushe. Ku kunka turo ni titi."

Ɗangiwa ya miƙe ya tsaya a bakin zaure, hannu a baya, yana kallon sama kamar wanda ke neman hadari.

Rana ta yi sanyi sa'ad da 'yan Islamiyya suka ɓullo daga kan kwana, farare da shuɗɗan hijabai. Ruwaida tana can baya ita kaɗai, tana jan ƙafa. Ta zo daidai dogon yaro sai ta tsaya cak. Ba taron ta gani ba, ba ma ubanta ta fara gani ba. Hanci ta ɗaga. Sai ta saki jaka a ƙasa ta sheƙo da gudu, ta kutsa tsakanin ƙafafun manya, ta faɗa jikinsa har ta kusa ture shi cikin toka.

Ya riƙe ta. Don ya ɓoye fuskarsa sai ya miƙa hannu zai ɗaga murfi ya duba.

"Baba, kar ka buɗe!" Ta kama masa hannu da hannayenta biyu. "Mama ta ce in anka buɗe ƙamshin gudu shika yi. Ka manta?"

"Na manta, uwata. Allah ya sa kin zo."

"Ina ɗaɗɗoya? Ka zo da ita?"

Ya zaro ƙullin ganyen daga buhu. Ta tsuguna ta hau tsinkewa a faranti, tana ba shi labarin wata malama da ta ce karatunta ya fi na kowa, da wata akuya da ta cinye mata takalmi. Ɗangiwa ya sauko da idonsa daga sama ya zuba mata. Rabon da ya ji yarinyar nan ta jera magana haka, shi kansa ba zai iya tunawa ba.

Da lokaci ya yi Mannir ya sauke tukunya, ya bar ta ta ɗan huce, sannan ya buɗe. Tururi ya tashi. Shinkafa ta yi wara-wara, rawaya, tana sheƙi, naman ya lafe a ciki. Ya tsamo ciyawar ya yar, ya matse lemun tsami, Ruwaida ta watsa ɗaɗɗoya da hannunta.

Tarbiyya dai ba ta bar shi ba. Kwanon farko na Inna Atu ya zuba, ya ɗora cinya a kai, ya rufe da faifai, ya miƙa wa Ɗangiwa da hannu biyu ya kai ciki. Ya zuba na maigida da iyalinsa. Yana cikin zuba na Ruwaida sai ƙundu ya fito a ludayi.

Kowa a wurin ya san hukuncin ƙundu. Kaza in an yanka ta a gida, ƙundunta na maigida ne, kuma akwai mazan da in ba su gan shi a kwano ba sai su mai da kazar gaba ɗaya. Ɗangiwa ya dawo daga ciki ke nan, idonsa ya sauka a kan ludayin. Bilyaminu, da bai daddara ba, ya ce, "To, ƙundu dai na maigida ne."

Mannir ya dubi ƙundun, ya dubi wuyan 'yarsa da ya zama kamar sillen kara. Ya sauke shi a farantinta.

"Maigida ya ci ƙundu ya gode Allah. Kazar ga ba don shi anka yanka ta ba."

Wani ya ce "Kai!" a hankali. Ɗangiwa ya haɗiye abin da ya taso masa, ba don ya rasa abin faɗa ba, sai don ya ga abin da kowa ya gani. Yarinyar ta yi bisimilla ta sa hannu. Ba tsakura take yi ba, ci take yi, loma na bin loma, mai na gangarowa har gwiwar hannu. Ta cinye ta miƙa faranti aka ƙara. Ta cinye wannan ma, ta jawo tukunya ta hau kankare ƙanzo da cokali. Mannir ya zauna a kan dakali yana kallonta, farin ciki da baƙin ciki suka haɗu suka cika masa ƙirji, don ya san wadda ya kamata a ce tana zaune a nan tana kallo ba ta nan.

Da ya waiga wajen zaure sai ya ga mutum a tsaye daga ciki, inda haske bai kai ba. Gefen farin mayafi kawai ya gani da hannu a jikin bango. Ya yi sauri ya kau da kai.

Jim kaɗan Ɗangiwa ya shiga ya fito da kwanon Inna Atu, faifan na nan yadda aka rufe shi.

"Inna ta ce ta gode, ba ta cin abin da anka sa ma sukari. Ta ce kuma ɗiya tana nan inda take."

Ya faɗa da ƙarfi don majalisa ta ji. Mannir ya karɓi kwanon, shi ma ya amsa da ƙarfi don majalisar ta ji.

"Ba komi, Yaya. A gaya ma Inna na gode. Duwatsun ga uku a bar mani su inda suke. Juma'a mai zuwa ina nan tafe da wata kazar, da wadda ke bi mata, da wadda ke bin wannan. Tun da ba a ba ni ɗiyata in ciyar da ita a gidana, zan ciyar da ita a ƙofar naku, har ranar da za a ɗaura mata aure."

Babu wanda ya yi dariya. Sun ga idonsa, sun san ba barazana yake yi ba.

Kwanon da aka maido ya miƙa wa majalisa. Ba zan ce kowa ya yaba ba. Tsohon nan mai atishawa ya ɗanɗana ya ce wannan ai kunun gyaɗa ne aka yi wa kaza, ya goge hannu a gemu. Amma dai kwanon da ya dawo ko ƙwayar shinkafa babu a ciki.

Aka kira magariba. Da aka idar, hanya ba ta biyuwa, dole Mannir ya kwana a zaure. Yana wanke tukunya yana jiyo muryar Ɗangiwa daga cikin gida: "Inna, kowace Juma'a fa ya ce! Ina za ni sa fuskata a kasuwa? Gobe har Sanyinna sai an ji!"

Da safe ya ɗaure kayansa a babur, zuciyarsa a dagule. Ya yi abin da zai iya, kuma ga alama bai isa ba. Yana shirin aikawa a ce zai yi sallama sai ya ji takun takalmi a zaure. Inna Atu ce da kanta ta fito har ƙofar gida, ƙullin kaya a hannu ɗaya, Ruwaida a ɗayan, an yi mata wanka an shafe ta da mai. Idon tsohuwar ya kumbura. Mannir ya zube ƙasa.

"Tashi," in ji ta. "Kar ka ɗauka surutun gari ya sa. Gari ya daɗe bai yi surutu ba, ni na binne miji na binne ɗiya, bakin mutane bai isa ya motsa ni ba. Jiya na ga ta ci. Wata da watanni nika dafawa, nika lallashi, nika yi mata waƙa, ba ta taɓa miƙo mani kwano ta ce a ƙara ba."

"Inna, wallahi ba don in ɓata maki..."

"Hau babur ɗinka."

Ya hau. Ta ɗaga yarinyar da kanta ta ɗora a bayansa, ta ƙi yarda Ɗangiwa ya taimaka. Ta kwance wani zani daga ƙullin, ta zagayo da shi ta bayan Ruwaida zuwa cikin Mannir, yadda ake ɗaure yaro don kada barci ya kwashe shi a hanya.

"Ƙawata, kin gudu kin bar ni ko? To je ki, na huta da wankin kwanonki."

"Zan dawo da sallah, Inna," in ji Ruwaida.

Tsohuwar ta gama ƙulli, ta tsaya riƙe da bakin zanin, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Karo na biyu ke nan kana fitar mani da ɗiya daga gidan ga. Ta farin ba ka maido mani ita ba."

Mannir, wanda jiya ya ba Ɗangiwa amsa, ya ba Bilyaminu amsa, ya ba unguwa guda amsa, yau sai ya sunkuyar da kai. Ta ƙara jan ƙullin har ya ji shi a cikinsa, ta juya ta shige zaure ba ta waiwayo ba.

Ya tada babur. Sun kusa fita gari kafin hawaye su bar shi ya ga hanya sosai.